Yadda ake ajiye haɗaɗɗen ruwan gishiri na tankin murjani a lokacin bazara

Daga tsakiyar Maris, da zarar hunturu ya tattara ya-nasa-ya-nasa, kukan sababbin masu kiwon murjani, halittar tekun nan da ake rainon ta a tankin ruwan gishiri, iri ɗaya ne: jiya na canja ruwa, yau murjanina ya ƙi buɗewa. In ka tambayi mutum yaushe ya haɗa ruwan, sai ya ce mako biyu ke nan. A ina ya ajiye? A sito ko a baranda, ga injin juya ruwa yana ta aiki a ciki dare da rana. To, a nan gizo ke saƙa.

Ba zan tsaya bayanin cewa da ruwan da na'urar RO, mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, ta tace ake haɗi ba, wanda ma'aunin TDS, mai auna yawan abubuwan da suka narke, ya nuna sifili, ko cewa gishiri ake zuba wa ruwa ba ruwa ake zuba wa gishiri ba. Wanda har ya kai ga sayen murjani ya san wannan. Magana a nan ita ce abin da ke faruwa bayan an gama haɗi, a gari irin Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, alhali tankinka yana son zama tsakanin 25 da 26.

Shawarata ta farko, kuma a wurina doka ce: a bazara, tataccen ruwa za ka tara, ba haɗaɗɗe ba. Ruwan RO a rufaffen duro zai yi makonni babu abin da ya same shi, domin babu komai a cikinsa da zai lalace. Gishiri kuma yana cikin bokitinsa a ɗaure. Ana gobe za ka yi canji sai ka haɗa. Amma na san ba kullum hakan ke yiwuwa ba. Wani yana tafiye-tafiye, yaron gida ne zai yi masa canjin. Wani kuma yana son ya ga lita 50 a shirye saboda gaggawa, kuma da gaskiyarsa, ba a fafe gora ranar tafiya. In kana cikin waɗannan, ga yadda za ka yi.

Ka fara da mazubi. Duron roba mai kauri irin wanda aka yi don abinci, wanda za ka ga lamba 2 a cikin ɗan kusurwa uku a gindinsa, ko an rubuta HDPE. Shuɗayen duron nan da ake sayarwa na hannu suna da kyau da araha, matsalar ita ce ba ka san me aka taɓa zubawa a ciki ba, mai sayarwa kuma ko me ka tambaye shi zai ce na lemo ne. Ni sabo nake saya, na huta. Jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa kada ma ka fara, maiƙon ba ya fita ko ka wanke sau goma. In duron yana da kan famfo, ka tabbata na roba ne. Na tagulla yana sakin jan ƙarfe a ruwan gishiri, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi, murjanin ma ba zai tsira ba. Wanki da ruwa zalla, ban da sabulu, ban da omo.

Sai wurin ajiya. Ka bi gidanka da ma'aunin zafi da misalin ƙarfe uku na rana, inda ya fi sanyi nan ne wurin duro. Yawanci ɗakin ƙasa ne da rana ba ta dukan bangonsa, ko ƙarƙashin matakalar bene. Siton da ke da rufin kwano ba silin tanda ne. Hasken rana kuma ko kaɗan kada ya taɓa ruwan, in ba haka ba gansakuka ce za ta yi maka sallama cikin kwanaki. Murfi ya rufu ruf. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ruwa yana tashi a iska amma gishiri ba ya bin sa, a busasshiyar iskar bazara kuwa abin da ka haɗa a kan 1.026 a ma'aunin gishiri sai ka tarar ya haura. Na biyu, abin da ke yawo a iskar gidajenmu: ƙura, hayaƙin janareto, turaren wuta, uwa-uba maganin sauro na feshi. Ka ja kunnen mutanen gida a kan fiya-fiya kusa da duron nan.

Yanzu ga inda na sha kashi, kuma a nan zan daɗe.

Shekarata ta biyu da fara kiwo, na haɗa lita 120 ranar wata Alhamis a watan Afrilu, da niyyar canji ranar Asabar. Wata tafiya ta taso, sai da na yi kwana tara. Na bar injin juya ruwa a kunne, saboda haka aka koya mini, wai kada ruwa ya kwanta ya lalace. Da na dawo na buɗe, ruwa garau kamar idon zakara. Na ɗiga a ma'aunin gishiri, daidai. Na canja rubu'in tankin. Kwana biyu tsakani murjani mai rassa, irin Acropora, ya fara sauya launi, wani ma fatarsa ta soma saɓulewa daga gindi. Sai da na juye ragowar ruwan na ga bangon duron ya yi farin ɓawo mai kaushi, irin wanda ke kamawa a cikin butar shayi, injin kuwa ya yi fari fat har farfelarsa tana ƙara. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Wannan farin ɓawo alli ne, wato kalsiyam da kabonet da suka haɗe suka fita daga ruwan. Su ne ainihin abin da murjani ke gina ƙashinsa da su, su ne kuma ka biya kuɗi mai yawa a kai lokacin da ka sayi gishirin murjani maimakon na kifi zalla. Yawancin abubuwa sun fi narkewa a ruwan zafi, kamar sukari a shayi, amma alli akasin haka yake: ruwa na ƙara ɗumi, shi yana ƙara fita. Shi ya sa a kan hita da jikin inji yake fara kamawa, nan ne ya fi zafi. Da zarar ɓawon farko ya kama kuma, sai ya zama gindin da sabo zai riƙa hawa.

Injin da na bari a kunne laifi biyu ya yi. Duk wutar da inji mai nutsewa ya ci, a ƙarshe zafi take komawa a cikin ruwan. Ka yi lissafi: inji mai wat 40 a cikin lita 100 yana ƙara kusan sulusin digiri a kowace awa. A awa goma, in zafin bai samu mafita ba, ka ƙara sama da digiri 3 a kan abin da ɗakin ya riga ya ba ka, ga duro a rufe, ga roba ba ta saurin fitar da zafi. Laifi na biyu, in yana kaɗa saman ruwa ko ka sa dutsen kumfa mai busa iska a ruwa, iskar kabon tana fita, pH yana hawa, wato tsamin ruwan yana raguwa, wannan ma yana ingiza allin ya fita.

Me ya sa ma'aunin gishiri bai tona asiri ba? Domin kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ke narke a ruwan teku sodiyam ne da kuloraid, gishirin miya ke nan, kuma shi babu inda ya je. Gwajin kalsiyam ma zai iya yaudararka. Alkaliniti, wato kusan yawan kabonet da ke cikin ruwan, da dKH ake auna shi, kuma duk dKH 1 da ya faɗi, kalsiyam miligiram kusan 7 a lita kawai yake ja. Ke nan alkaliniti zai iya faɗowa daga 11 zuwa 7, kalsiyam kuma ya sauka daga 450 zuwa wajen 420, ka duba ka ce lafiya lau. Alkaliniti za ka gwada. Ka gwada ranar haɗi ka rubuta a jikin duro da alƙalamin maka tare da kwanan wata, ka sake gwadawa ranar amfani. In ya sauka fiye da dKH 1, ruwan nan ba shi ne ka haɗa ba.

Saboda haka ga abin da nake yi yanzu. Ina haɗi da asuba, lokacin da ruwan RO ya fi sanyi. Hita ba ta shiga duro sam. Ina zuba gishiri kaɗan-kaɗan inji yana juyawa, tsakanin giram 36 zuwa 40 a kowace lita gwargwadon kamfani, kuma a sikeli nake aunawa ba da kofi ba. Bayan awa biyu zuwa uku, ruwa ya washe, sai in kashe inji, in ciro shi gaba ɗaya, in rufe duro. Shi ke nan. Ba na sake taɓa shi sai ranar amfani. Wasu za su ce ruwan da ba ya motsi zai yi wari. In mazubinka mai tsabta ne, ruwanka na RO ne, babu haske, babu abin da zai ruɓe a ciki. In hankalinka bai kwanta ba, ka juya shi minti goma da sassafe duk bayan kwana biyu.

Irin gishirin ma yana da tasiri sosai, kuma mutane ba sa karanta bayan bokiti. Ruwan teku na asali alkalinitinsa wajen dKH 7 ne, kalsiyam kusan 420, magnesiyam wajen 1,300. Wasu kamfanoni da gangan suke ɗaga nasu. Coral Pro na kamfanin Red Sea yana zuwa wajen dKH 12, kuma su da kansu sun rubuta cewa a haɗa shi a ruwa mai kusan digiri 20, kada a juya fiye da awa 4, kada a busa masa iska. Ka faɗa mini ina za ka samu ruwa mai digiri 20 a Kano a watan Afrilu in ba da taimakon firiji ba. Gishiri ne mai kyau, amma na haɗa-ka-zuba ne, ba na ajiya ba. Wanda aka ƙara wa bitamin, irin Reef Crystals, shi ma ba na barin sa ya daɗe a ɗumi, don duk abin da ƙwayoyin bakteriya za su iya ci, zafi yana ƙara musu kuzari a kansa. Na ajiya, ka nemi wanda alkalinitinsa ke kusa da na teku, 7 zuwa 8. Irin wannan a wuri mai sanyi nakan bar shi mako biyu. Mai yawan alkaliniti kuwa, a bazara, ba ya kwana biyu a wurina.

Maganar sanyaya duro ba sai ka sayi na'urar sanyaya ruwa ta biyu ba, kuɗinta da wutar da take ci sun isa, ga ɗauke wuta. Dabarar randa ta wadatar. Ka lulluɓe duron da tsohon bargo ko buhun ashasha, ka jiƙa shi da ruwan famfo safe da yamma, ka juyo masa fanka. Kafin ruwan sama ya sauka iskarmu a bushe take, don haka wannan yana sauke zafi sosai. Da damina ta kama, iska ta yi laima, amfaninsa yana raguwa. Amma kada wani ya ce bari ya zuba ruwan a cikin randar kanta, yumɓu yana tsotsa yana kuma saki, ba ka san me zai ba ka ba.

Ranar canji, ka mayar da inji ka juya rabin awa zuwa awa guda, murfi a ɗan buɗe. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙarsa kaɗan ce: a digiri 25 ruwan teku yana riƙe miligiram kusan 6.7 a lita, a 35 bai kai 6 ba, wanda ya kwanta a rufe kuwa zai iya gaza haka. Sai ka duba zafi. In tankinka yana 26, ruwan duro yana 34, ka canja kashi 20 cikin 100, tankin zai tsallaka zuwa 27.6 a lokaci guda, kuma a bazara dama yana bakin gaɓa. Murjani in zafi ya yi masa yawa yakan kori ƙananan halittun da ke zaune a jikinsa masu ba shi abinci da launi, shi ne farin da kake gani. Ka daskarar da ruwa a gorunan roba, ka ɗaure bakinsu tam, ka ɗauraye bayansu, ka jefa uku ko huɗu a duro har bambancin ya dawo cikin digiri 1. Ƙanƙarar kasuwa tsirara ba ta shiga, da ruwan burtsatse ko na famfo aka yi ta, kuma za ta tsinka maka haɗi.

Awon gishiri bayan an sanyaya ake yi. Yawancin ma'aunan gishiri na hannu da ake ɗiga wa ruwa a leƙa suna gyara wa kansu zafi ne tsakanin digiri 10 da 30 kawai, don haka in ɗakin ya wuce haka, ka shiga mai sanyi, ka bar ɗigon ya zauna kamar rabin minti kafin ka karanta. In ya haura 1.026, ka ƙara ruwan RO. In alkaliniti ya ɗan sauka, ka ɗaga shi da abin da ka saba ɗaga na tanki. In ya faɗi warwas, ko ka ji wari, ko bango ya yi santsi, ka zubar, asarar gishirin lita 100 ba ta kai ta reshen Acropora guda ba. Ka zuƙo daga sama da tiyo, ka bar ɗan na ƙasa mai gari-gari.

Kafin haɗi na gaba, ka jiƙa duron da injin a ruwan khal na wasu awoyi har ɓawon ya narke, ka goge, ka ɗauraye sau biyu da ruwan RO, ka kife ya bushe a inuwa.