Yadda na gyara furosesata da ke rage gudu

Na ɗaga gudun furosesata (ƙwaƙwalwar kwamfuta), Core i5-9600K, zuwa 4.8 GHz a BIOS, wato shafin saitin tushen kwamfuta, amma da na fara haɗa bidiyon biki sai kwamfutar ta riƙa jan ƙafa. Na ƙara wa furosesar wuta, abin ya ƙara lalacewa.

Sanyin Jos ne ya ruɗe ni, ban kawo zafi a raina ba. Da na duba HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, ashe furosesar ta kai digiri 100 a ma'aunin Celsius, inda take rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Na buɗe akwatin kwamfutar: ƙurar hunturu ta toshe fanka, man da ke tsakanin furosesar da abin sanyayawa ya bushe ƙamas. Na goge, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, na mayar da wutar furosesar zuwa volt 1.28. Yanzu ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 78.