Kurakuran da Ke Lalata Kakar Tseren Ratsa Daji a Jami'o'in Amurka

Tseren ratsa daji gudu ne na dogon zango da ake yi a kan ciyawa da taɓo da hawa da gangara, ba a kan kwalta ko zagayen filin wasa ba. A jami'o'in Amurka kakarsa gajeriya ce, domin ana farawa ne a ƙarshen Agusta, a kammala da gasar ƙasa ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, kafin Nuwamba ta ƙare. Akasarin ƙungiyoyin da kan zo Nuwamba a gajiye ko da 'yan wasa a kwance, tun Agusta da Satumba suka ɓata lamarinsu, kuma gaggawa ce ke jawo musu hakan.

Kuskure na farko tun kafin a buɗe makaranta ake yin sa. Ɗalibi ya shafe dogon hutun Yuni da Yuli bai taɓa ɗaura takalmin gudu ba sai jefi-jefi, sannan ya dawo ya tarar abokansa suna cin kilomita tamanin ko fiye a mako, sai ya ce lallai shi ma a makon farko zai kamo su. Numfashi yakan saba da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi haka jinkiri, shi ya sa a mako na uku ko na huɗu ake fara jin zafi a ƙashin ƙwauri, wanda idan aka yi biris da shi yakan zama tsagewar ƙashi da za ta zaunar da mutum wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran shi ne a yi gudu mai sauƙi a kai a kai tun lokacin hutu, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kuma masu horarwa da yawa sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi goma cikin ɗari a mako. Wanda ya riga ya makara, gara ya haƙura da tseren farko ko na biyu da ya rasa kakar baki ɗaya.

Na biyu ya fi yawa, ya kuma fi wuyar magani, domin daga girman kai yake fitowa. Ranar da aka ware don gudu mai sauƙi, sai a fita mutum goma sha biyu ana hira, can wani sabon ɗalibi ya ɗan wuce gaba da taku ɗaya, na kusa da shi ya ƙi yarda a bar shi a baya, kafin a ankara hira ta mutu, ba a jin komai sai haki da ƙarar takalma. Washegari kuwa, ranar atisaye mai tsanani, babu wanda ke da ƙafar yin sa yadda ya kamata. Binciken da masanin wasanni Stephen Seiler ya yi a kan manyan 'yan wasan dogon zango ya nuna cewa kusan kashi tamanin cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yin sa. Ma'aunin ba ya bukatar wata na'ura: idan mutum ba zai iya faɗin cikakkiyar jimla yana gudu ba, to ya zarce. A ganina wannan aikin kyaftin ne, ya tsaya a gaba ya riƙe saurin, ya kuma tsawata wa duk wanda ya nemi mayar da ranar gudu mai sauƙi filin gasa.

Akwai kuma rashin fahimtar yadda ake lissafin maki, abin da kan sa ƙungiya ta ɗora duk burinta a kan gwani ɗaya. Kowace ƙungiya tana shigar da mutum bakwai, a haɗa matsayin biyar na farko, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. Ƙungiyar da 'yan wasanta suka zo na 1 da 2 da 3 da 40 da 60 tana da maki 106, yayin da wadda nata suka zo na 12 da 15 da 18 da 21 da 24 ke da 90, wato ta doke ta ba tare da ko mutum ɗaya nata ya shiga goman farko ba. Edward Cheserek, haifaffen Kenya da ya yi wa Jami'ar Oregon gudu, shi ya zo na ɗaya a gasar ƙasa a 2013 da 2014 da 2015, amma kofin ƙungiya Jami'ar Colorado ce ta ɗauka sau biyu, Jami'ar Syracuse ta ɗauki na uku. Mai horarwar da ya san aikinsa yakan fi kashe lokaci a kan ɗan wasansa na huɗu da na biyar, ya koya musu gudu kafaɗa da kafaɗa. Na shida da na bakwai ma ba 'yan rakiya ba ne, domin duk abokin hamayyar da suka wuce sun ƙara wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

A ranar tsere, fita da gudu fiye da ƙima ne ke kayar da mutane. A gasar ƙasa kimanin mutum 250 ne ke tashi lokaci guda daga faffaɗan fili su nufi hanyar da ke ƙuntata, saboda haka dole a ɗan yi sauri don kada a maƙale a baya, amma wanda ya ci gaba da wannan saurin har kilomita biyu zai biya bashin a kilomita na bakwai. Maza sun fi faɗawa wannan tarko, domin kilomita takwas suka saba yi a tsawon kaka, sai a gasar shiyya da ta ƙasa nisan ya koma goma, mata kuwa shida suke yi. Ya kamata a zagaya hanyar kwana ɗaya kafin tsere, a san inda tudu yake da inda taɓo ya yi zurfi. Takalmi mai ƙusoshi kuma a fara saba wa ƙafa da shi a atisaye, tun da ba shi da dunduniya mai kauri, kuma wanda ya fara sa shi ranar gasa zai kwana uku yana ɗingishi da ciwon sha-raɓa.

Batun abinci ana yawan ɓoye shi. Wasu ɗalibai sukan rage ci da gangan bisa zaton rama na ƙara sauri, kuma a makonnin farko sai ya zama kamar haka ne, daga baya jini ya yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta ɗauke wa mata. Wanda ya ga yana gajiya ba dalili, likita ya kamata ya gani a auna sinadarin ƙarfe a jininsa, ba ya sayi magani da ka ba.

Makonni biyun ƙarshe kuwa, lokacin da ayyukan aji suka yi yawa barci ya ragu, wasu sukan ƙara atisaye saboda fargaba, wasu kuma su daina gudu kwata-kwata da sunan hutu. Abin da ya dace shi ne a rage yawan kilomitoci zuwa kusan rabi, a bar gajerun zagaye masu sauri yadda suke, a kuma mayar da lokacin da aka samu ga barci.