Kurakuran da ake maimaitawa wajen gwada makin JAMB

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai yara su cika min shago a Tudun Wada, kowa da waya a hannu: "Malam, na ci 230, wane 210 ya samu, ai na riga shi shiga." Wa ya gaya maka?

Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu, kowanne 100. Turanci kaɗai kuka haɗa. Kai ka zauna Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, shi ya zauna Adabi da Gwamnati da Ilimin Addini, to ta ina za a auna ku? Abokan takararka su ne masu neman kwas ɗinka a jami'ar da ka zaɓa. Makin da ba zai ko leƙa ƙofar likitanci a ABU Zariya ba, mai neman Tarihi yana iya shiga da shi hankali kwance. Kuma jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne: kashi 45 cancanta, 35 yankin da jami'a ke ɗiba, 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Don haka wanda bai kai ka maki ba zai iya riga ka, ba lallai da hanya ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne haɗin darussa. Ƙanwata injiniyanci take so, aka tura ta kafe, wato shagon intanet, yaron da ke cika fom ya sa mata Bayoloji a gurbin Lissafi, ba wanda ya duba. Ta ci maki mai kyau, bai amfane ta da komai ba, shekara guda ta tafi. Haba jama'a! Ku biya kuɗin fom da na lesin, sannan ku bar wa mai sauri ya sallami layi zaɓin makomar 'yarku? Ni yanzu ba na barin yaro ya je rajista sai mun buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB tare, ya rubuta darussa huɗun da hannunsa a takarda.

Sauran ƙanana ne. D7 a WAEC ko NECO ba kiredit ba ce, daga C6 ake lissafi, kuma makin JAMB ba ya cike gurbinta. Maki 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 mafi ƙaranci ne, KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) da ABU kowacce na da ikon ɗaga nata. Idan kuma an ba ka gurbi, shiga CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ka karɓa da wuri.