Darasi na Bakwai: Yadda Ake Yi wa Sana'a Rajista

Akwai wata ɗalibarmu a ajin yamma da ta shekara shida tana haɗa sabulun wanki a gida. Wata makarantar kwana ta nemi ta riƙa kai mata sabulu duk zangon karatu. An yi ciniki an daidaita, sai akawun makarantar ya ce, "Hajiya, mu ba ma zuba kuɗi a asusun mutum. Ki kawo asusun sana'a." Da ta je banki, suka ce sai da takardar CAC. Washegari ta shigo aji da tambaya: "Malam, wai mece ce CAC ɗin nan? A ina ake sayar da takardar?"

Ba sayar da ita ake yi ba. CAC hukuma ce ta gwamnatin tarayya mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista a Nijeriya. Dokar kamfanoni ta 1990 ce ta kafa ta. Babban ofishinta yana Maitama a Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ake kira CAMA 2020, kuma da ita ake aiki yanzu. Aikin rajista ya koma intanet, ba sai ka yi sammako ka bi layi ba.

Suna za ka yi wa rajista, ko kamfani za ka kafa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka mu tsaya a kai sosai.

Hanya ta farko ita ce rajistar sunan kasuwanci. Tela ne kai, ko mai shagon kayan masarufi, ko mai POS, kana son allon shagonka ya ɗauki wani suna da ba naka na yanka ba. Doka ta ce ka yi masa rajista cikin kwana 28 da fara aiki da shi. Wanda yake ciniki da sunansa na gaskiya kawai, bai ƙara masa komai ba, wannan doka ba ta hau kansa ba. Amma da zarar ka ƙara "Enterprises" ko "Ventures" a bayan sunanka, ta hau. Lambar da za a ba ka tana farawa da BN. Wannan hanya ta fi araha, ta fi sauƙin riƙewa. Sai dai a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne. Bashin shago bashinka ne.

Hanya ta biyu ita ce kamfani mai "Limited" a ƙarshen sunansa, lambarsa kuma da RC take farawa. Kamfani a wurin doka kamar wani mutum ne dabam. Yana mallakar fili, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi ƙara, kuma ko mai shi ya rasu shi yana nan.

Ga misali. A ce an ɗauki kaya bashi na naira miliyan 2, gobara ta cinye shagon, Allah ya kiyaye. In sunan kasuwanci ne, mai bin bashi zai iya binka har kan babur ɗinka da gonarka. In kamfani ne, dukiyar kamfani zai bi, kai kuma iyakar abin da ke kanka shi ne kuɗin hannun jarin da ka ɗauka ba ka biya ba. Amma a kula: in ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa bashin, kamar yadda bankuna suka saba nema, to wannan katanga ta rushe.

A da, sai mutum biyu ne za su iya kafa kamfani, shi ya sa za ka ga an cusa sunan mata ko ƙane wanda bai ma san da maganar ba. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, shi ne mai hannun jari, shi ne darakta, muddin ya kai shekara 18. Mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne. Wannan ba kuɗin da za ka miƙa wa CAC ba ne. Ƙimar hannayen jarin kamfanin ce. Sai dai kuɗin rajista da harajin hatimi suna ƙaruwa gwargwadon jarin da ka rubuta, saboda haka kada a zuga ka ka rubuta miliyan goma don burga.

Ni a ganina, mai sabulu da tela da mai sayar da hatsi su fara da sunan kasuwanci. Wanda zai haɗa jari da wani, ko yake hangen manyan kwangiloli, shi ya kamata ya kafa kamfani. Ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci suna da tasu rajistar dabam a CAC, ta amintattu. Ƙungiyar gama-kai kuwa a ma'aikatar jiha ake yi mata.

Zaɓen suna

Kafin komai, sai an bincika ko wani ya riga ka. Sunaye irin su Alheri da Nasara da Albarka an daɗe da yi musu rubdugu, don haka ka tafi da suna biyu ko uku a aljihu. Haɗa sunan da wani abu naka, kamar garinku ko irin kayan da kake sayarwa. Kalmomi irin "Federal" da "National" da "Government" ba a sa su sai da izini na musamman, don kada mutane su zaci hukuma ce. In an amince da suna, ana ajiye maka shi kwana 60. Ka bari suka wuce ba ka kammala ba, sai ka sake biya ka sake nema, wataƙila ma wani ya ɗauke.

Kada ka buga allo ko leda ko rasit kafin a amince da sunan. Na ga wanda ya yi haka, ledoji dubu suka zama na zuba gyaɗa.

Abin da za ka riƙe a hannu

Lambar NIN, ƙaramin hoto, sa hannunka a kan farar takarda, lambar waya, adireshin imel, adireshin wurin sana'a, da bayanin irin aikin da kake yi. Adireshi yana son lambar gida ko shago, sunan titi, ƙaramar hukuma da jiha. "Bayan masallacin Juma'a" kwatance ne, ba zai wadatar ba.

Ɗalibarmu ta makale a wuri ɗaya har mako biyu. A katin NIN an rubuta sunan mahaifinta Muhammad, yaron da ya cike mata fom ya rubuta Mohammed. Sai aka dawo da aikin da tambaya, abin da masu shagon kwamfuta ke kira kweri. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da kai. Ka ajiye katin a gabanka, a kwafe suna da ranar haihuwa yadda suke, ko da kai ba haka kake rubutawa ba.

Wa zai cike maka?

Doka ba ta tilasta maka ɗaukar lauya don rajistar suna ba. Kana iya buɗe shafin CAC ka yi da kanka, ko ɗanka ya taya ka. Akwai kuma wakilan da hukumar ta amince da su, wato lauyoyi da akantoci da sakatarorin kamfani masu shaida. Don kafa kamfani, musamman in ku biyu ne ko fiye, kuɗin lauya ba asara ba ne, domin akwai takardar tsarin kamfani da ke faɗin wa ke da kashi nawa, da yadda za a yi in wani ya so fita. 'Yan'uwa da yawa sun daina gaisawa a kan abin da ba a rubuta ba.

Yawancinmu dai shagon kwamfuta muke zuwa. Ba laifi, amma ga inda ake faɗawa rami. Mai shago yakan sa imel ɗinsa da lambar wayarsa don ya huta da jiranka. Bayan shekara biyu ka zo gyara adireshi, ka tarar ya tashi, kuma duk saƙon hukuma wurinsa yake zuwa. Ka ce masa tun farko, "Ɗana, lambata za ka sa, imel ɗina za ka sa. In ba ni da shi, buɗe mini, ka rubuta mini kalmar sirrin a takarda." Kuɗin hukuma ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, kuma kowane biya yana da lambarsa da ake kira RRR. Ka nemi rasit ɗin, ka raba kuɗin hukuma da ladan mai shago, kowanne ka san nawa ne.

Takardar shaida a kwamfuta take fitowa, sai a buga maka. Kada ka tashi sai an shiga wurin binciken jama'a a shafin CAC, an rubuta sunan sana'arka, ka gan shi da idonka tare da lambarsa. Takardar jabu tana da kyau a ido, amma ba ta fitowa a nan. Ka kuma karɓi takardar bayani mai nuna sunan mai sana'ar ko daraktoci. Ka karanta, ka tabbatar sunanka ne a ciki.

Bayan takarda ta fito

Banki zai nemi lambar haraji, wato TIN, kafin ya buɗe asusun sana'a. Sannan akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC, wanda mutane suka fi mantawa. Mai sunan kasuwanci yana kai nasa kafin ƙarshen watan Yuni kowace shekara, ban da shekarar da ya yi rajista. Ko ba ka yi ciniki ba sai ka kai. Wanda ya yi shiru tara tana taruwa a kansa, a shafin hukuma a nuna sana'arsa ba ta aiki, kuma ranar da ya fi buƙatar takardar ranar zai gane.

Takardar CAC ba lasisin komai da komai ba ce. Mai sabulu da mai ruwan leda da mai burodi suna da sauran tafiya zuwa NAFDAC. Ɗalibarmu ta buɗe asusunta, yanzu wannan take bi.

Aikin aji

Kowa ya fito da katin NIN ɗinsa, ya kwafe sunansa da ranar haihuwarsa a littafi, na kusa da shi ya duba masa harafi bayan harafi. Sannan ka rubuta suna uku da kake so wa sana'arka, da cikakken adireshin inda kake yin ta. A ƙasa ka amsa da jimla ɗaya: sunan kasuwanci ne ya dace da kai ko kamfani, kuma don me? Wanda ba shi da imel ya zo da wayarsa mako mai zuwa, za mu buɗe tare.