Kurakuran da ɗaliban kiɗan kwamfuta suka fi yi a jami'a

Saurayi zai shiga aji da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a kwamfutarsa da kiɗe-kiɗen da ya haɗa cike da filashi, yana ganin ai gishiri kawai za a ƙara masa. Makon farko malami ya cika allo da lissafi. A nan ido ke raina fata.

Kuskuren farko ke nan: ɗaukar fannin tamkar koyon aikin sitidiyo. Asalinsa daga ɗakin bincike yake. A 1957 Max Mathews ya rubuta manhajar MUSIC a Bell Labs da ke Amurka, ya sa kwamfuta ta ƙirƙiro sauti daga lambobi. A 1967 John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano dabarar FM, wata hanyar ƙirƙirar sauti ta sa wani amo ya riƙa juya wani, kamfanin Yamaha ya karɓi lasisinta, har ta haifi fiyanon lantarki na DX7 a 1983. Kafin ka cike fom, karanta jerin darussan sashen. In ɗaukar murya da tace waƙa kake so, kwas ɗin injiniyan sauti za ka nema, kada ka ɓata shekarunka.

Na biyu, gudun lissafi da rubuta manhaja. Ga misali: faifan CD yana gutsurar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma ba ya iya riƙe amon da kaɗawarsa a daƙiƙa ta wuce rabin wannan adadi, wato 22,050. In ka ƙirƙiri abin da ya haura haka ba ka tace shi ba, zai dawo ƙasa ya zama wani amo da ba ka sa ba. Wanda bai san wannan ba sai ya kwana yana zargin lasifika. Maganin ba ya cin ko sisi. Sauke manhajar ƙirƙirar sauti ta Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a 1996, kyauta ce. Kunna amon da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ka ɗora masa na 444. Za ka ji sautin yana kumbura yana lafawa sau huɗu kowace daƙiƙa. Da ka ji lissafi da kunnenka, tsoronsa ya ragu.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda namu ke yi wa kalangu da goge. Tsarin MIDI, wato hanyar da kwamfuta da kayan kiɗan lantarki ke aika wa juna umarnin kiɗa, wanda ya fito a 1983, an gina shi a kan maɓallan fiyano: lamba 128, kowacce da gurbinta. Shi kuwa kalangu, makaɗi yana matse shi a hammata yana sassautawa, amon ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, shi ya sa ake cewa yana magana. Goge ma zamewa yake yi tsakanin amo da amo. Ɗalibi zai danna maɓallin daidaita bugu, komai ya hau layi ɗaya cif, sai kalangun ya koma kamar ana buga bokiti. Nemi makaɗi na gaske ka ɗauki sautinsa, ka buɗe hoton sautin ka ga yadda layin ke lanƙwasa, sannan ka yi ƙoƙarin kwaikwayon lanƙwasar. Wannan kaɗai ya isa aikin kammala digiri, kuma ba kowa ne a ajin Turai ko Amurka zai zo da shi ba.

Sai kunne. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Rage ƙarar abin kunnenka, ka riƙa cire shi kana hutawa, don jin da ya tafi ba ya dawowa.

Manhajar sata kuwa tana da halin mutuwa a makon miƙa aiki. Manhajojin sauti na Csound da SuperCollider duk kyauta ne, kuma da irinsu ake koyarwa. Ajiye aikinka a wuri biyu, kowane kwafi da kwanan watansa, tun kafin a ɗauke wuta.