Yadda Baƙo Zai Shiga Harkar Keke a Tsibirin Man, Mahaifar Cavendish

Makona biyu da fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Douglas, babban birnin Tsibirin Man, na tafka kuskuren da nake so in raba ka da shi. Muna shan shayi a ɗakin hutu, na dubi wata abokiyar aikina, haifaffiyar tsibirin, na ce, "Ashe ku kuka haifi Mark Cavendish, zakaran tseren keke! Ai duk Ingila babu kamarsa." Ta ajiye kofinta a hankali. "Ba ɗan Ingila ba ne," in ji ta. "Kuma tun yana yaro bakinsa ba ya mutuwa." Daga nan ta koma zancen ruwan sama. Na tashi da tunanin ba ta ƙaunarsa. Sai bayan shekara guda, da ta gayyace mu cin abinci ni da iyalina, na ga hotonsa da ta yanko daga jarida manne a ƙofar firijinta, har takardar ta koma ruwan ƙasa don daɗewa.

To, ɗan'uwa, idan aiki ko karatu ya kawo ka nan, fara da gyara bakinka a kan wannan. Tsibirin Man yana tsakiyar teku ne, tsakanin Birtaniya da Ayalan, mutanensa kimanin 84,000. Yana ƙarƙashin rawanin sarkin Ingila, amma ba ya cikin Haɗaɗɗiyar Daular Birtaniya. Majalisarsu daban, Tynwald suke kiranta, dokokinsu daban, har kuɗin takardarsu daban. Idan za su Ingila sai su ce za su "across", wato tsallake, kamar yadda mutumin bakin kogi ke faɗa. Kai kuma da ka zo daga waje sunanka "comeover", ko daga Zariya ka fito ko daga Liverpool. Saboda haka lambar Cavendish da ta fi taɓa zuciyar dattawan nan ba lallai ta zama wadda duniya ta fi sani ba. Ka ambaci zinaren da ya ci a gasar ƙasashe renon Ingila a Melbourne a 2006, domin ranar rigar tsibirin ya sa, mai tambarin ƙafafu uku, ba ta Birtaniya ba. Da ka faɗi wannan za ka ga an gyara zama.

Abu na biyu, ka san abin da mutumin ya yi, don kada ka yi ta jinjina kai kamar ƙadangare. A Douglas aka haife shi a 1985. A gasar zagayen Faransa, Tour de France, ana kwana ashirin da ɗaya ana tsere, kowace rana da zangonta da wanda ya ci ta. Cavendish ba mai hawan dutse ba ne, lokacin da yake tsere kan tudu wahala yake sha a bayan ayari. Ranarsa ita ce ranar shimfiɗaɗɗiyar hanya, inda kusan kowa ke isowa bakin gari a dunƙule bayan kilomita ɗari da tamanin ko fiye. Abokan ƙungiyarsa sai su jeru a gabansa suna tare masa iska, kowa ya ƙarar da ƙarfinsa ya kauce, har a bar na ƙarshe, irin su Mark Renshaw a shekarun baya ko Michael Mørkøv a 2021. Saura mita ɗari biyu sai ya fito daga bayansa, ya kwantar da ƙirji kan ƙahon keken, gudun ya kai wajen kilomita 70 a awa. Aikin daƙiƙa goma ne bayan wahalar awa huɗu. Haka ya ci zango huɗu a 2008, shida a 2009, ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki a gasar, a 2011, ya kuma zama zakaran duniya a Copenhagen a wannan shekarar. Sannan ciwo ya kwantar da shi, ƙwayar cutar Epstein-Barr da ciwon damuwa, har aka fara cewa tasa ta ƙare. Ya dawo a 2021 ya ci huɗu, ya kamo Eddy Merckx na Beljiyam, wanda ya fi kowa cin zango a tarihin gasar a lokacin, a zango 34. A 2023 ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa, ya fasa ritayar da ya ce zai yi, ya sake komawa.

Ranar 3 ga Yuli, 2024, ina kan aikin yamma. An kunna talabijin a falon tsofaffi, mutum bakwai ko takwas a kujerunsu, wasu na gyangyaɗi. Da ya tsallake layi a Saint-Vulbas, na 35 ke nan, ni na yi ihu har na kusa kifar da tiren magani. Wata tsohuwa mai shekara casa'in da ɗoriya, wadda rabin yini ba ta ce uffan ba, ta goge ido da bakin rigar sanyinta ta ce, "Traa dy liooar." A harshensu na gado ma'anarsa akwai isasshen lokaci, kuma da shi suke tsokanar mai nawa. Wato dai ya ɗan ja mana rai. Iyakar yabon da ya samu a falon ke nan, sai wani dattijo da ya nemi a ƙara masa biskit.

A nan ne na gane su, domin na san wannan halin a gida. Uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai ta kau da kai ta ce, "Wannan? Ai sai addu'a." Amma ka kuskura ka zage shi a gabanta ka gani. Haka mutanen Man suke da Cav, yadda suke kiransa. Su suna da izinin cewa yana da zafin kai, su tuna maka yadda ya ɗaga wa masu sukarsa yatsu biyu, alamar zagi a wurinsu, a wata gasa a Suwizalan a 2010 har ƙungiyarsa ta janye shi. Suna da izinin gunagunin cewa ya daɗe yana zaune a tsallake. Kai ba ka da shi. Kuma suna da wani zance da suke yi wa kansu, na ƙaguwar Man: wai bokitin ƙaguwarsu ba ya buƙatar murfi, duk wadda ta fara hawa sauran za su jawo ta ƙasa. Idan ɗan tsibiri ya ba ka wannan labarin, yi dariya ka yi shiru. Idan ka ce, "Ai kuwa na lura," amsar da za ka samu ita ce akwai jirgin ruwa da safe. Ba na tsammanin sai na fassara maka.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce tambaya maimakon yabo. Ka ce, "Kun san shi?" A wurin da bai fi ƙaramar hukuma guda yawan jama'a ba, kowa yana da labari: wannan ya taɓa ganinsa a bayan kanta lokacin da yake aikin banki yana matashi, wancan Cav ya wuce shi a kan tudu har ya ce masa sannu. Rabin labaran na san da gishiri, amma ba a nan take ba. Sannan ka nuna ka san ba shi kaɗai ba ne. Peter Kennaugh ya ci zinaren Olamfik a Landan a 2012, akwai akwatin gidan waya da aka shafa wa ruwan zinare a Onchan saboda shi. Kafin su akwai Steve Joughin, zakaran Birtaniya sau biyu a shekarun 1980. Kafin shi akwai Millie Robinson, wadda ta ci zagayen Faransa na mata a 1955. Tun a 1936 aka fara tseren keke a kan hanyar dutse ta tsibirin. Abin da ke ɗan sosa wa tsofaffin mahaya rai shi ne baƙo ya ɗauka da Cavendish keke ya fara a nan.

Amma hira ba ta isa. Idan kana da yara, ka kai su filin wasanni na ƙasa a Douglas, NSC, ranar Talata da yamma a watannin ɗumi. Akwai gasar yara da Dot Tilbury ta shafe shekaru tana jagoranta, a nan Cavendish ya fara, kuma yanzu an sa wa zagayen filin sunansa. Ka je da wuri saboda rajista, yaro ya sa hular kwano, a duba birkinsa da iskar taya tun daga gida. Kowane irin keke ana karɓa a ajin ƙanana, za ka ga 'yan shekara huɗu suna tura nasu da ƙafa, kakanni na tafi. Kai kuma kada ka tsaya gefe hannu a aljihu. Tambayi masu rigar aiki ko akwai abin da za ka kama, ko da kwashe alamun hanya ne bayan an tashi. Sati uku na yi ina wannan kafin wani uba ya ce mini, "Alright, yessir?" Kada kalmar ta ruɗe ka, ba ranka-ya-daɗe ba ce, gaisuwar abokai ce tsakanin maza. Tsibirin nan ko rufaffen filin tseren keke ba shi da shi, duk wanda ya yi fice sai ya tsallaka Manchester. Daga wannan kwaltar ta ranar Talata suke fitowa.

Sai kai da kanka. Ni da Fonis na tashi, mai kariya a baya da ƙararrawa, kuma a wurinmu wanda ya samu babur ba ya waiwayar keke. A nan likita ne zai zo aiki a kan keken da ya fi motata tsada, sanye da wando mai kama jiki da har yau na kasa sawa ba tare da na ɗora wani a kai ba. Kada wannan ya tsorata ka. Sayi na hannu, mai giya da yawa, domin in ka bar arewacin tsibirin wajen Ramsey da Jurby da ƙyar za ka samu wuri shimfiɗaɗɗe. Fara da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa daga Douglas zuwa Peel, kimanin mil goma, babu mota, babu tudu. Ka koyi faci da hannunka, ka riƙa tafiya da tub da ƙaramin famfo, saboda babu mai faci a gindin bishiya yana jiranka. Rigar ruwa kuwa ko da rana ta ƙwalle. Hazo yakan sauko daga dutse cikin minti kaɗan, su ce mayafin Manannan ne, wani gwarzon tatsuniyarsu da ke ɓoye tsibirin daga maƙiya. Fitila gaba da baya, har da rana.

A bakin tekun Douglas akwai layin dogo na taragon da doki ke ja. Ka tsallaka shi a gicciye. Ni na bi shi a tsaye wata safiya bayan yayyafi, tayar gaba ta faɗa cikin ramin ƙarfen, na ji ni a ƙasa, gwiwa a fashe, burodin da na sayo a tsakiyar titi. Laifina ne, an gaya mini.

Akwai inda zan ja maka kunne da gaske. Yawancin hanyoyin bayan gari ba su da iyakar gudu ta doka, ga su ƙunci, ga shinge da kwana. Kuma ka sani, duk son da ake wa Cav, babur ne sarkin tsibirin nan. Tun 1907 ake gasar TT ta babura, yanzu zagayen mil 37.73 ne a kan titunan da jama'a ke bi kullum, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. A waɗannan makonnin hanyar dutse da ke bi ta gindin Snaefell takan koma hannu ɗaya kuma a hana keke hawa. Ko ba a hana ba, ni ba na hawanta sai da sassafe ranar Lahadi. Alfahari da zakara bai hana direba tsaki ba idan ya tarar da mahaya goma sha biyu sun jeru bibbiyu a hanyar Laxey yana sauri. Mutumin da ya yi hawaye ranar 3 ga Yuli shi ne zai danna maka oda ranar 4. Idan motoci sun taru a bayanka, nemi wuri ka raɓe, su wuce, ka ɗaga hannu. Mai yiwuwa direban maƙwabcinka ne, ko ɗan tsohuwar da kake ba magani, kuma labari a nan ba ya kwana.

Idan ka fara fita da ƙungiya ranar Lahadi, kada ka yi gaba don nuna ƙarfi. Zauna a tsakiya, ka nuna rami da hannu ga na bayanka, ka karɓi naka rabon iskar idan layi ya zo kanka, ko na minti ɗaya ne. In hanya ta bi da ku ta gadar Fairy Bridge wajen zuwa Castletown, za ka ji kowa yana gaida ƙananan mutanen ɓoye da suka ce suna zaune a wurin. Ni dai addu'ata nake yi a zuci, ba wanda ya taɓa tambayata. Kuma kada ka kira sunan ɓera ƙato da Turanci, ko ka gan shi ya gitta, "longtail" ake cewa, mai dogon wutsiya. Wani ɗan Ingila ya faɗa muna kan hanya, saura ƙiris a sa shi biyan kuɗin shayin kowa.

Ɗana yanzu shekararsa tara. Talatar farko ya zo na ƙarshe, ya sauka yana kuka wai ba zai ƙara zuwa ba. Talatar da ta wuce ya zo na shida. Abokiyar aikina mai hoton firiji tana wurin da jikarta. Ta dube shi yana haki, ta dube ni, ta ce sirdinsa ya yi ƙasa, a ɗaga shi kamar yatsa biyu kafin mako mai zuwa.