Tsutsar kara: a lura da karan bara

Salam 'yan uwa manoma. Tsutsar nan da ke huda karan masara da dawa da gero, uwarta wani ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ne mai launin busasshiyar ciyawa, da rana yana naɗe fukafukai ya lafe jikin ganye ba ka ma ganinsa, sai dare ya fito ya zuba ƙwai. Cikin kamar sati ɗaya sun ƙyanƙyashe, su fara cin ganyen tsakiya sannan su shige cikin kara, to in fa sun shige feshi ba ya kai musu, asarar magani kawai. Don haka a riƙa leƙa kan shuka tun tana ƙarama, in an ga ƙananan huji a jere a ganye to lokacin ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne karan bara. A ciki tsutsar ke kwana duk rani tana jiran ruwan farko. Don Allah kar a bar shi a tsaye ko a tara shi a inuwa, a sare a shimfiɗa a rana zafi ya kashe su, ko a ba dabbobi kafin damina.